Yadda ake dawo da malam-buɗe-littafi da tsuntsun sha-huda cikin lambun gida

Masu shuka fulawa a tsakar gida sukan zo mini da kuka iri ɗaya: furanni sun yi kyau, ban-ruwa ba fashi, amma sai a wuni ba a ga malam-buɗe-littafi ko ɗaya ya gifta ba, balle sha-huda, ɗan tsuntsun nan mai siririn baki lanƙwasasshe da ke tsotsar fure. Na daɗe ina wannan aiki a gidana da gidajen 'yan'uwa, kuma kusan ko'ina ciwon guda ne: an ajiye wa manya abinci, an hana 'ya'yansu wurin girma.

Malam-buɗe-littafi ƙwai ne da farko, manne a jikin ganye. Ƙwan ya ƙyanƙyashe tsutsa, tsutsa ta ci ganye ta ƙoshi, ta rataye kanta ta zama kwanso, daga cikin kwanson ne mai fukafukai ke fitowa. Kowane iri kuma da ganyen da tsutsarsa ke ci, in babu shi uwar ba za ta saka ƙwai ba. Sha-huda shi ma ruwan zaƙin fure yake sha, amma da ƙananan ƙwari da gizo-gizo yake ciyar da 'ya'yansa, da yanar gizo kuma yake ɗinke sheƙarsa. To gidan da aka daɓe da siminti ko intalok daga bango zuwa bango, aka tuge kowace ciyawa, aka bi abin da ya rage da feshi, me zai zaunar da su?

Ka san lokaci tun kafin ka fara, don kada ka karaya. A ƙasarmu ta arewa, daga Maris zuwa Mayu, lokacin bazara, dama can suna ƙaranci saboda ganye ya bushe. Sukan fara yawa bayan damina ta kankama, su cika wuri daga Agusta zuwa kaka. Idan da bazara ne ba ka ganin su, wannan ba abin damuwa ba ne. Idan kuwa Satumba ta zo, gari ya yi kore shar, gidanka har yanzu wayam, to akwai gyara.

Wani abu kuma: ɗan tsuntsun da ake gani a bidiyon intanet yana tsaye cak a iska, yana shan ruwan sukari a kwalba har yana tashi da baya, hamingbad ke nan, kuma a nahiyar Amurka kaɗai yake, daga Alaska har ƙarshen kudancinta. Babu shi a Afirka, kada wani ya sayar maka da irin fure da sunan zai kawo shi. Namu shi ne sha-huda. Yakan ɗan tsaya a iska na ƙiftawar ido, amma ya fi son ya sauka kan reshe ya zura baki.

Kayan aiki

- Fartanya ko ƙaramar hauya, da shebur
- Taki ruɓaɓɓe na shanu ko na awaki, wanda ya kwana biyu ya huce
- Yashi rabin bokiti da 'yan duwatsu masu faɗi
- Tsohon faranti ko kasko mara zurfi guda biyu
- Irin zinniya, marigol da kosmos, ana samu wurin masu sayar da fulawa a bakin titi
- Irin ɗaɗɗoya, tafasa da tumfafiya, da reshen zogale
- Dashen lemun tsami ɗaya, da alobera biyu ko uku
- Zana, waya ko ƙaya don shinge
- Safar hannu, in babu a ɗaura leda
- Bokiti ko butar ban-ruwa

Wanda ba shi da fili, buhunan siminti da aka wanke, tsofaffin bokitai, jarkoki da aka yanke da tayoyin mota duk suna aiki, muddin an huda ƙasansu ruwa ya riƙa tsiyayewa.

1. Dakatar da feshi

Wannan ne farko, don in ba a yi shi ba sauran duk asarar iri ce. Fiya-fiya da sauran magungunan ƙwari da ake sayarwa a kasuwa ba sa bambance tsutsar malam-buɗe-littafi da kyankyaso. Maganin ciyawa kuma yana ƙone ainihin tsirran da tsutsar ke ci. Tun da tsutsar nan mai cinye masara ta bayyana a Nijeriya a 2016, manoma suka ƙara ƙaimi wajen feshi, ragowar maganin gona kuma sau da yawa a gida yake ƙarewa, a kan fulawa da bishiyar lemo. Ka ware kusurwar lambun ka ce nan feshi ba ya shiga. In za a yi wa gida feshin sauro ko na kyankyaso, a yi cikin ɗakuna da makwarara, a rufe tagogi, a zaɓi lokacin da babu iska.

Kuskuren da masu kyakkyawar niyya ke yi shi ne komawa ga ruwan ganye ko 'ya'yan darbejiya, wai ai na gargajiya ne ba ya cutarwa. Darbejiya tana hana tsutsa cin abinci da girma, shi ya sa ma take aiki a gona. Ka yi amfani da ita a kan kabeji da tumatir in ka so, amma ban da kusurwar nan.

Idan kwarkwatar tsiro, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye, ta taru a kan toho, ka watsa mata ruwa da ƙarfi ko ka murje ta da yatsa. In ta ci tura, ka narka ɗan sabulu kamar cokalin shayi ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, ka shafa a daidai wurin da yamma, bayan ka duba babu ƙwai ko tsutsa a ganyen.

2. Zaɓi wuri ka shinge shi

Nemi inda rana ke samu aƙalla awa 6, musamman ranar safe, domin malam-buɗe-littafi ba ya iya tashi sosai sai jikinsa ya ɗumama. Gefen katanga da ke tare iskar hunturu, wadda ke busowa daga arewa maso gabas, ya fi ko'ina. Taku uku a tsawo, biyu a faɗi ya isa farawa. In da hali, ka sa wurin kusa da inda ake alwala, ka yi wa ruwan 'yar hanya ya riƙa gangarawa cikin shukar. Ruwan alwalar gida ɗaya yakan riƙe ƙaramin lambu har bazara ta wuce. Ruwan wanki mai omo ko bilic kuwa a kai shi wani wuri.

Ka yi shinge kafin ka shuka komai. Akuya ɗaya za ta share aikin wata biyu kafin ka dawo daga masallaci, kaji kuma tsutsa da kwanso suke nema.

3. Gyaran ƙasa

Kafce ƙasa zurfin taƙi ɗaya, ka fasa hoge, ka gauraya da taki kamar kashi ɗaya cikin huɗu. Ƙasar laka a ƙara mata yashi. Kada ka cika taki, ganye zai yi ta haukar fita fure ya yi ƙaranci, kosmos musamman ya fi yin fure a ƙasar da ba ta da ƙarfi sosai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, sai ya ruɓe tukuna.

4. Shuka abincin tsutsa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne mutane ke ja da baya, domin yawancin tsirran da zan lissafa su ne waɗanda muka saba kira ciyawar banza.

Tumfafiya. Ita ce gidan malam-buɗe-littafin nan mai ruwan goro, mai baƙin gefen fiffike da fararen ɗigo, wanda ke tafiya a hankali kamar ba ya tsoron kowa. Dalilin rashin tsoron nasa kuwa, tsutsarsa tana tara dafin tumfafiya a jikinta, ya bi ta har ta zama babba, tsuntsun da ya taɓa cin ɗaya ba ya marmarin na biyu. Tsutsar tana da zane-zanen baƙi da fari da ruwan ɗorawa, da wasu siraran ƙahoni shida masu laushi. Kwansonta kore ne ko ruwan hoda, da ɗigo-ɗigo masu ƙyalli kamar zinariya. Daga ƙwai zuwa tashi wajen wata guda ne a yanayin zafinmu. Kada ka yi wahalar tono babbar tumfafiya daga daji, saiwarta na nitsewa can ƙasa, in ta katse ba ta cika kamawa ba. Ka samo ƙwallon da ya bushe ya fashe, ka ware irin daga audugarsa, ka binne uku ko huɗu zurfin gaɓar yatsa, in sun fito ka bar mafi ƙarfi. Gindi ɗaya ya isa gida, kuma furenta ma sha-huda na zuwa masa.

Gargaɗi mai nauyi a nan: farin ruwan tumfafiya yana yi wa ido mummunar illa. Ka sa safar hannu duk lokacin da za ka yanke ta, ka wanke hannu kafin ka taɓa fuska. In ya shiga idon wani, a yi ta zuba ruwa mai tsabta na tsawon lokaci, a wuce asibiti. Gidan da ke da yara ƙanana masu rarrafe da tsinke-tsinke, ko dai a sa ta can bayan shinge inda hannu ba ya kaiwa, ko a haƙura da ita gaba ɗaya, sauran tsirran sun wadatar.

Tafasa. Farare da masu ruwan ɗorawa-ɗorawa da kake gani suna wucewa da sauri, wani lokaci tururu guda duk sun nufi gefe ɗaya, da yawansu a kan tafasa da danginta, rai-ɗore da filasko, suka girma. Na fi ba da shawarar tafasa domin riba biyu ce: uwargida ta tsinki na kwaɗo, tsutsa ta ci saura. Irin yana da tauri, ka jiƙa shi kwana ɗaya kafin shuka. In rai-ɗore ce ta fito da kanta ka bar gindi ɗaya, amma ka riƙa cire 'ya'yanta tun suna ɗanye, saboda suna cutar da dabbobi da yara in an ci.

Lemun tsami, ko kowane irin lemo. Babban nan baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa, wanda ya fi sauran girma a gidajenmu, a kan tohon lemo yake saka ƙwai ɗaya-ɗaya. Ƙaramar tsutsarsa sak kashin tsuntsu, baƙi-baƙi da fari, sai ta girma ta koma koriya. In ka taɓa ta za ta fito da wani abu mai reshe biyu ruwan goro daga bayan kanta, mai wari. Ba ta harbi, ba ta cizo, tsoratarwa ce kawai. Babbar bishiya ba ta jin ɓarnarta. Ƙaramin dashe kuwa tsutsa uku za su iya yi masa tsirara, saboda haka ka bar ɗaya, ka ɗauke sauran da ganyen da suke kai ka mayar kan babban lemo, naka ko na maƙwabci in ya yarda.

Fasa-ƙaba. 'Yar ciyawar nan mai kaurin ganye da ke shimfiɗe a ƙasa. Wani iri ne ke cin ta wanda namijinsa baƙi ne da manyan fararen tabo zagaye da shuɗi mai sheƙi, macen kuma ta kwaikwayi kamannin mai cin tumfafiya don tsuntsaye su ƙyale ta. In ta fito a gindin tukwane kada a cire.

Mutanen can arewa sosai, wajen Daura, Maraɗi ko Damagaram, inda ruwa ya yi ƙaranci, suna da anza da bagayi. Ƙananan farare masu jan baki ko ruwan goro a ƙarshen fiffike, da farare masu jijiyoyi ruwan ƙasa, a kan dangin waɗannan suke girma. Anza da bagayi jinkirin girma gare su, don haka wanda ya tarar da su a filinsa ya yi gini ya kewaye su, ya fi a sare a sake nema.

Na san abin da ke sa mutane share ciyawa: tsoron maciji da kunama. Tsoro ne mai dalili. Maganinsa a tsare tsirran cikin wuri guda mai iyaka, a bar taku ɗaya fili tsaf kewaye da shi, kada a tara bulo, itace ko tarkace kusa, domin a nan ne suke ɓuya, da inda ɓera ya yi yawa.

5. Shuka furannin zaƙi

Zinniya ce ta ɗaya a wurina. Tana jure zafi, tana fure cikin mako 6 zuwa 8, kuma furenta faffaɗa ne, wurin sauka. Shuka ta kai tsaye, tazarar santimita 25 zuwa 30. Ka nemi mai fure sassauƙa wanda ake ganin ƙwayar tsakiyarsa. Masu cunkoson ganyen fure sun fi ɗaukar ido a wurin mai sayarwa, amma zaƙinsu kaɗan ne kuma a rufe yake. Haka ma marigol da kosmos. Ka tara iri ɗaya wuri ɗaya, gindi biyar ko fiye, an fi hango su daga nesa. Kada ka zuba irinka duka rana ɗaya, ka riƙa ƙara sabon layi duk bayan mako uku. Furen da ya bushe a tsinke don wani ya fito, a bar kaɗan su ƙosa a ajiye iri a takarda, ba a leda ba.

Ɗaɗɗoya da na'a-na'a, ka bar gindi biyu su yi fure. Zogale ma haka: mun saba datse shi don ganye, shi ya sa da wuya ya yi fure a gida. Ka dasa reshe mai tsawon mita ɗaya ka ƙyale shi, furensa na jan malam-buɗe-littafi da ƙudan zuma da sha-huda baki ɗaya.

Akwai lantana, mai tarin ƙananan furanni kala-kala, masu fulawa za su tallata maka ita kuma gaskiya tana jan su ƙwarai. Sai dai ganyenta guba ne ga shanu da tumaki, ɗanyun 'ya'yanta guba ne ga yara, kuma in ta tsere daji tana mamaye wurin kiwo. Ni ba na shuka ta. Wanda ya nace, ya tsare ta a tukunya, ya riƙa yanke 'ya'yan. Iksora, wata fulawa mai tarin ƙananan furanni, tana maye gurbinta a inda akwai ruwa.

6. Tanadin sha-huda

Shi fure mai kamar bututu yake so, ja ko ruwan goro, kuma ya fi buƙatarka da rani lokacin da daji ya bushe. Alobera da ta manyanta tana fitar da doguwar sanda mai furanni a wannan lokacin, in ba a yi ta yanke ganyenta ba. Minjirya tana kamawa daga reshe, ka kafa sanda a farkon damina ta zama shinge, ta ba ka jajayen furanni bayan ruwa ya ɗauke. Mai babban fili ya sa gurjiya, wadda ke fure jajur da hunturu bayan ta zubar da ganye.

Sai kauci. Duk wanda ke son ganin sha-huda ya tsaya ƙarƙashin bishiyar da kauci ke fure. Furen a rufe yake, tsuntsun ne ke taɓa shi da baki ya buɗe, garin furen ya bazu a kansa ya kai wa na gaba. Kauci yana shan jikin bishiya, don haka a cire shi daga lemo da gwaiba da ake son 'ya'yansu, amma dunƙule ɗaya a kan wata babbar bishiyar inuwa ba zai kashe ta ba.

Sha-huda iri uku za ka fi gani. Akwai baƙi mai jan ƙirji kamar garwashi da koren goshi. Akwai kore mai sheƙi, mai jan tabo a ƙirji da ruwan ɗorawa a gefensa da dogon bindi. Akwai kuma ɗan mitsitsi mai koren kai da ciki ruwan ɗorawa, wanda namijinsa ke fitar da siraran gashin bindi biyu da rani. Matansu duk dishi-dishi ne. In ka ga wata 'yar jaka ta ciyawa da yanar gizo tana lilo a ƙarshen reshe ko a jikin waya, sheƙa ce. A gaya wa yara masu danƙo, kuma a bar yanar gizon da ke cikin lambu, ta ɗaki kawai za a share.

In babu fure ko kaɗan da bazara, ana iya ba su ruwan sukari: farin sukari awo ɗaya, ruwa awo huɗu, a tafasa a bar shi ya huce. Ban da zuma, tana saurin tsami ta haifar da cutar baki ga tsuntsu. Ban da kala kuma. Zuba a ƙaramar roba mai jan murfi da aka huda ƙofofi biyu ko uku, a cika ta kusa da baki, a rataye a inuwa kusa da reshen da zai taka. A zafinmu kullum ake zubarwa a wanke a sake. Wanda ya san ba zai iya wannan ba, kada ya fara, lalataccen ruwa ya fi rashinsa illa.

7. Ruwa da gishiri

Malam-buɗe-littafi ba ya shan ruwa a kwano. Danshi yake tsotsa, shi ya sa ake ganin su sun taru a bakin rafi ko inda shanu suka yi fitsari, yawanci maza ne masu neman gishiri. Cika faranti da yashi, ka barbaɗa gishiri ɗan abin da yatsu biyu za su ɗauka, ko ka cusa ɗan busasshen kashin shanu, ka jiƙa har ya yi danshi amma ruwa bai kwanta a sama ba. Ɗora duwatsu biyu ka ajiye a rana. Wasu manya masu ƙarfin tashi ba su damu da fure ba, ruɓaɓɓen mangwaro ko ayaba suke so. Ka ajiye musu a nesa da ƙofar ɗaki saboda ƙuda.

Faranti na biyu na tsuntsaye ne, ruwa zurfin gaɓar yatsa, a ɗora kan wani abu mai tsayi inda kyanwa ba za ta yi kwanto ba. A zubar a goge duk kwana biyu. Sauro yana kammala girma cikin kwantaccen ruwa a mako ɗaya zuwa kwana 10, bai kamata neman ƙawa ya jawo wa gida zazzaɓi ba.

8. Kula da abin da ya zo

Da safe ka riƙa ɗaga ganye kana duba bayansa. Ganye mai huji alama ce aiki na tafiya. Tsutsa in ta ƙoshi takan bar tsiron ta hau katanga, zana ko gindin tukunya ta rataye, saboda haka a duba kafin a yi shara ko a datse reshe, a kuma nuna wa mai share tsakar gida yadda kwanso yake. Wanda ya fito sabo zai rataye awa ɗaya ko biyu fukafukansa su miƙe su bushe. Kada a taɓa shi, kada a taimaka masa fita.

Ƙadangaru da zanzaro da tururuwa za su ci da yawa, haka abin yake, cikin ƙwai masu yawa kaɗan ne ke kai wa ga tashi. In kana so yara su ga yadda ake rikiɗar, ka sa tsutsar lemo ɗaya a babbar roba da ɗan tsinke a tsaye, ka rufe bakin da yankin tsohon gidan sauro, ka ajiye a inuwa, kullum sabon ganyen lemo da share kashi. Ranar da ya fito a sake shi. Tsutsa mai gashi kuwa a hana yara taɓawa, wasu na sa ƙaiƙayi.

Nijeriya tana da nau'in malam-buɗe-littafi sama da 1,000, mafi yawansu a dazuzzukan kudu, don haka namu na arewa ba su da wuyar sani. Ɗauki hoto da waya ka ɗora a manhajar iNaturalist, masana za su taya ka gane iri. Masu sha'awar tsuntsaye kuma akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI a Laminga kusa da Jos, wadda ke jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, kuma 'yan sa-kai ne ke tura mata abin da suka gani a unguwanninsu.

9. Riƙe lambun har bazara

Da ruwa ya ɗauke, ka rufe gindin tsirrai da busasshen ganye ko ɓawon gyaɗa, ka bar ɗan tazara daga jikin kara saboda gara. Ban-ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, mai yawa duk kwana biyu ya fi yayyafi kullum. In ruwa ya yi wuya, ka zaɓi abin da za ka ceta: lemo da zogale da layin zinniya ɗaya. Tumfafiya da alobera za su riƙe kansu. Kada ka ƙone busasshen ganyen da ya taru a kusurwar, akwai masu jiran damina a ciki.

Idan maƙwabta na feshi sosai, gidanka kaɗai zai yi jinkirin cika. Ka ɗebi irin zinniyar da ka ajiye da reshen zogale ka kai wa gida biyu ko uku na kusa kafin ruwan farko ya sauka, ka roƙe su kusurwa ɗaya da ba za a fesa ba.